Lensin 50mm ko 70-200mm: wanne za ka saya don ɗaukar hoton ƙwallon kwando a Kano?

Mai hoton da ya saba da aikin biki da suna, ranar da aka fara kiransa ya ɗauki wasan ƙwallon kwando a rufaffen ɗaki, da wuya ya koma gida da abin kirki. Kyamarar da ke fito da amarya tas, har ana ƙirga zanen lallen hannunta, ita ce za ta ba shi ɗan wasa hannu a narke, ƙwallo ta zama doguwar inuwa, fuska kuma duk yashi-yashi. Daga nan sai ya fara lissafin sayar da kyamarar ya sayi babba. Galibi kuwa ba kyamarar ce mai laifi ba. Lensin da ke gabanta ne bai iya shigar da isasshen haske, kuma a kansa ya kamata kuɗi su fara tafiya.

Ga wanda ke son ɗaukar wasan Kano Pillars a ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko gasar makarantu, ko wasan ɗalibai a jami'a, zaɓi na gaske guda biyu ne. Akwai ƙaramin lensi marar zum, wato 50mm f/1.8 ko yayansa 85mm f/1.8, akwai kuma dogon nan mai zum, 70-200mm f/2.8, wanda ake gani a hannun masu hoton manyan gasanni. Kafin a auna su, dole a fahimci abin da ake faɗa a kansa, wato haske.

Idon mutum yana yaudararsa a cikin ɗakin wasa. Ka shiga ka ga fitilu a kunne, ko'ina fes, ka ce ai haske ya wadata. A wurin kyamara kuwa, hasken ɗaki irin wannan bai kai ko kusa da na inuwar bishiya da rana ba. Ga shi ɗan ƙwallon kwando ba ya tsayawa. In kana son ka daskarar da mutumin da ya tashi sama zai jefa ƙwallo, sai ƙiftawar kyamara ta kai 1/500 na daƙiƙa a ƙalla, kuma ko a hakan za ka ga tafin hannu da ƙwallo sun ɗan ja. A 1/800 ko 1/1000 ne hankali ke kwanciya. Duk sanda ka ƙara saurin ƙiftawa, ka rage hasken da ke shiga, sai ka biya bashin ta ɗayan hanyoyi biyu: ko ka buɗe idon lensi, ko ka ɗaga ISO, wato lambar da ke sa kyamara ta ƙara wa hoto haske da kanta, wanda shi ke kawo yashin nan. Kamar mai tarar ruwa ne da aka ce daƙiƙa ɗaya kawai za a buɗe masa famfo: in bakin famfon siriri ne, ko gindin bokiti ba zai rufe ba.

Lambar da ke bayan f ita ce ke nuna faɗin bakin, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lensin 18-55mm da ke zuwa tare da yawancin ƙananan kyamarori, da zarar ka jawo shi zuwa 55mm, f/5.6 ne iyakarsa. Wanda ke f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wannan. Wanda ke f/1.8 kuwa kusan ninki goma. A ce a wani ɗaki hoto ya fito daidai a 1/500 da f/2.8 da ISO 3200. Mai f/1.8 zai samu hoton nan a wajen ISO 1250, ko ya bar ISO ɗin a 3200 ya kai ƙiftawarsa 1/1000 har da ɗoriya. Mai f/5.6 kuwa sai ya kai ISO 12800, inda tsohuwar kyamara ke watsewa, ko ya sauko 1/125, inda ba ɗan wasan da zai fito sai wanda ke zaune a benci. Shi ya sa dogon lensin nan mai araha, 75-300mm f/4-5.6, da masu shago ke saurin miƙo wa mutum in ya ce hoton wasanni zai yi, ba ya cikin lissafi sam. A filin ƙwallon ƙafa da rana zai yi aiki. A rufaffen ɗaki asarar kuɗi ne.

Filasha ma ba mafita ba ce. Walƙiya a idon mutumin da ke sama yana auna kwando rashin kyautawa ne, kuma a wasan gasa alƙali ko jami'an wasa za su iya hana ka. Ko da an bar ka, hasken ƙaramar filasha mutumin kusa zai wanke, na bayansa su nutse cikin duhu.

To, a fagen haske dai ƙaramin lensin ya ci. Saura fagen nisa, kuma a nan sai an dubi filin. A ƙa'idar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, tsawon fili mita 28 ne, faɗinsa 15. Zoben kwando yana mita 3.05 daga ƙasa, layin maki uku kuma mita 6.75 daga tsakiyar kwandon. Wurin zaman mai hoto shi ne bayan layin ƙarshe, a ƙasa, can wajen kusurwa. In ka zauna daidai inda layin maki uku ya haɗu da layin ƙarshe, tsakaninka da kwando wajen mita 7 ne. Yawancin kyamarorin da ke hannun matasa a garin nan masu ƙaramar sensa ne (sensa ita ce farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kai ya zama hoto), irin su Canon 600D da 700D da 80D, ko Nikon D5300 da D7100, kuma waɗannan suna matse hoto: ninki 1.6 a Canon, 1.5 a Nikon da Sony. Lensin 50mm a kan irin wannan Canon, in ka tsayar da kyamarar a tsaye, daga mita 7 zai ɗauko abin da tsayinsa ya ɗan haura mita 3. Wato daga takalmin ɗan wasa har zoben kwando, cif. Kamar don wannan wurin aka ƙera shi.

Ka ƙaddara kana zaune a nan, ka tanƙwashe ƙafa, gwiwar hannu a kan cinya. Mai rarraba ƙwallo ya taho daga tsakiya, ya yi kamar zai bi dama ya karkata hagu, ya kutsa tsakanin mutum biyu. Taku biyu, ya tashi. Akwai wani ɗan lokaci a ƙololuwar tsallen da jiki ke tsayawa cak kafin ya fara saukowa, ƙwallo na kan yatsu, hannun mai tsaron baya ya miƙo daga gefe, baki a buɗe, jijiyar wuya ta fito. Wannan hoton ake nema, kuma yana faruwa ne tsakanin mita 5 da 8 daga inda kake. Da yake daga ƙasa kake kallonsa, sai tsallen ya ƙara tsawo a hoto. Duk kokawar ƙarƙashin kwando, da ƙwace ƙwallon da ta dawo daga allo, da danna ta cikin zobe da hannu, a wannan tazarar suke, kuma 50mm ya ishe su.

Inda yake gazawa shi ne da zarar wasa ya koma ɗaya kwandon. Daga mita 26, 'yan wasa goma da alƙalai da 'yan kallo duk za su shigo hoto ɗaya, kowa ƙanƙani. Rabin wasan kenan kana zaune kana kallo. Wasu wannan ke ba su haushi. Ni ban ɗauke shi babbar asara ba, domin ƙungiyar da ke kai hari wancan gefen bayanta take ba ka, kuma hoton ƙeya ba ya sayuwa. Wasa zango huɗu ne na minti goma-goma, ana sauya kwando bayan hutun rabin lokaci. In ƙungiya ɗaya ce ta ɗauke ka aiki, sai ka zauna a kwandon da take kai wa hari, in an juya kai ma ka juya. Ƙa'idar daƙiƙa 24 kuma ta tabbatar ba za ka daɗe kana jira ba, yanzu za su dawo.

Matsalarsa ta biyu ta fi wannan ciwo. In ka buɗe shi har f/1.8, wurin da ke fitowa tangaran a hoto siriri ne: daga mita 5, kaurinsa bai kai mita ɗaya ba. Fokas ya kauce ya kama hannun mai tsaro ko rigar alƙali, fuskar da kake so ta tafi. Ga shi injin fokas ɗin Canon 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015, ba mai gaggawa ba ne. Tsohon samfurinsa mai gindin roba ya fi shi nawa da ƙara. Ɗan wasan da ya nufo ka a guje yakan riga shi. Dabarar ita ce ka ɗan rufe shi zuwa f/2 ko f/2.2, ka sa fokas mai bin motsi, wato AI Servo a Canon ko AF-C a Nikon da Sony, ka zaɓi ɗigon tsakiya ka ɗora shi a kan lambar riga tun mutumin yana nesa, ka biyo shi. Duk da haka za ka zubar da hotuna da yawa. Wanda ya sayi 50mm ya sayi haske da araha, ya biya da haƙuri.

Shi kuwa 70-200mm f/2.8, ba a banza ya zama abokin tafiyar masu hoton wasanni ba. Fokas ɗinsa kamar walƙiya yake kamawa, kuma yana riƙe mutum ko ya canza gudu. A 200mm, a kan ƙaramar sensa, daga wannan layin ƙarshe zuwa wancan kwandon za ka cika hoto da ɗan wasa daga ƙafa zuwa zobe. A nan ne kake samun fuskokin masu tsaron ƙungiyarka, tunda su suna kallon wajenka ne lokacin da abokan hamayya suka ba ka baya. Kuma akwai hotunan da shi kaɗai ke kawo su: koci ya durƙusa a tsakiyar yaransa lokacin ɗan hutu yana zana musu dabara, gumi na ɗiga daga haɓar mai shirin jifan kyauta, wani dattijo a cikin 'yan kallo ya ɗora hannu biyu a ka. Jarida da shafukan ƙungiyoyi suna son irin waɗannan ƙwarai, wani lokaci fiye da hoton tsallen kansa. In kuma ba a ba ka izinin zama a bakin fili ba, aka ce sai dai cikin 'yan kallo, to magana ta ƙare, 50mm ba zai kai ba.

Amma yana da nasa. Na farko nauyi: na Canon mai IS, wato tsarin rage rawar hannu, yana kusan kilo ɗaya da rabi, alhali 50mm STM giram 160 ne. Wasan da aka rubuta minti 40 yakan ci sa'a ɗaya da rabi ko fiye saboda tsaye-tsaye, kuma kafin zango na huɗu kafaɗa za ta gaya maka. Na biyu, a kan ƙaramar sensa 70mm ya yi tsawo ga abin da ke faruwa a gabanka. Daga mita 7 abin da zai ɗauko bai wuce mita 2 da 'yan kai ba, wato ko ka yanke ƙafa ko ka yanke kwando. A kan kyamara mai cikakkiyar sensa, irin Canon 6D ko 5D Mark III ko Nikon D750, wannan matsalar babu ita, domin 70mm zai ɗauko wajen mita 3 da rabi. Saboda haka masu cewa 70-200 shi ne komai, yawanci manyan kyamarori ne a hannunsu, ba irin taka ba. Na uku, f/2.8 ɗin nan da ake yabo, a ɗakin da haskensa ya yi ƙasa sosai zai tura ka ISO 6400, kuma a nan hoton tsohuwar 600D yashi yake cika shi. Sai ka ga mai ƙaramin lensi a gefenka ya fi ka tsabtar hoto da kayan da ba su kai kuɗin jakarka ba. Kar kuma IS ko VR da ke rubuce a jikinsa su ruɗe ka. Rawar hannunka suke gyarawa, ba gudun ɗan wasa ba, kuma a 1/800 rawar hannu ba ta cika zama matsala ba. Tsohon samfurin da ba shi da IS ya fi araha, kuma ga wannan aikin bai rage komai ba.

Na huɗu shi ne kuɗi. Sabo da sabo, na Canon ko Nikon ya ninka 50mm f/1.8 fiye da sau goma. Na Tamron da Sigma sun fi sauƙi, na hannu ma haka, amma ko su ba abin da za a saya don sha'awa ba ne. Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce wa zai biya shi, domin ƙwallon kwando kaɗai a Kano da wuya ta mayar maka da kuɗinsa. In kana aikin biki a manyan ɗakunan taro, kana ɗaukar hawan sallah, hawan Daushe da na Nassarawa, inda doki ke nesa kuma dogarai ba sa barin a matso, ko kana zuwa ƙwallon ƙafa, to lensin zai ci da kansa, ƙwallon kwando ta zama ƙari. In ba haka ba, zai kwana a jaka wata da watanni.

Tsakanin biyun akwai 85mm f/1.8, kuma mutane ba sa ba shi haƙƙinsa. Na Canon a 1992 ya fito, giram 425 ne, injin fokas ɗinsa kuma irin mai saurin nan ne, ya fi na 50mm nesa ba kusa ba. Yana da hasken ƙaramin da saurin babban. A kan cikakkiyar sensa shi ne ke yin aikin da 50mm ke yi a kan ƙarama, kuma a ganina a nan babu na biyunsa a wannan farashin. A kan ƙaramar sensa kuwa sai ka ja baya zuwa mita 11 ko 12 kafin mutum ya shigo gaba ɗaya da kwando, wato ka koma gefen fili, ko ka haƙura da hoton daga ƙugu zuwa sama. Masu hoton kafin biki sun san darajarsa wajen narkar da bayan hoto, don haka shi ma yana iya ciyar da kansa.

Duk wannan maganar ta rufaffen ɗaki ce. A filin waje, irin na makarantu da jami'o'i da ake wasa bayan la'asar, lissafi ya canza gaba ɗaya. Rana tana ba ka 1/1000 a f/5.6 ba tare da ISO ya wuce 400 ba, saboda haka 18-55mm ɗin da ke jakarka ya isa, 75-300mm ɗin da na kushe ma zai fita kunya. Har waya mai kyau za ta kawo hoton da za a sa a Facebook, muddin ka matso kusa ka bar jawo hoto da yatsa, ka kuma danne maɓalli ta ɗauka a jere. Abin lura kawai shi ne ka ba rana baya, kuma ka sani daga an doshi magariba haske na zubewa da sauri, wayar kuma za ta koma haɗa hotuna da yawa wuri ɗaya don ta ƙara haske, abin da ke sa mai gudu ya fito da hannu uku. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana, fuska ta fito ba inuwa mai kaifi, amma ranar nan kar ka kuskura ka cire lensi a fili, ƙura za ta zauna maka a kan sensa. In wasan da kake ɗauka duk na waje ne, ajiye kuɗinka.

Akwai abu ɗaya da lensi ba ya magani, kuma a nan ne kaɗai zan ce a dubi kyamara. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun kuma suna yin sama da ƙasa da haskensu sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma ƙiftawar 1/500 tana kamawa. Sai ka ɗauki hoto uku a jere, ɗaya fes, ɗaya duhu-duhu, ɗaya ya yi kore ko ruwan ɗorawa. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 suna da tsarin da ke jiran lokacin da fitila ta cika haske kafin su ƙifta, kuma kowacce tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa. In za ka canza kyamara don wannan aikin, irinsu za ka nema a na hannu. Wanda ba shi da su sai ya ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya gyara launi daga baya, ya kuma ɗauka da yawa. Masu Sony a6400 da ire-irenta su guji ɗauka marar ƙara a ƙarƙashin irin waɗannan fitilu, tana jawo ratsi-ratsi a hoto, ƙwallo kuma ta fito a lanƙwashe. Kowace kyamara ce a hannunka, sa ta a M, wato saiti da hannu, ka saita haske a kan fuskar ɗan wasa tun ana ɗumama jiki. In ka bar mata zaɓi, farar riga da ƙyallin daɓe za su ruɗe ta, ta duhunta fuskokin da dama baƙaƙe ne.

Da ni ne mai ƙaramar sensa da kuɗi ƙalilan, 50mm f/1.8 zan saya yau, in nemi izinin zama a bakin fili, in yi kakar wasa guda da shi. In aiki ya fara shigowa sai in ƙara 85mm. Ranar babban wasa kuma in karɓi hayar 70-200mm a wurin wani abokin sana'a, in gani ko hotunan da ya ƙara min sun kai a saya. Mai cikakkiyar sensa da ke da kasuwar biki da hawa, shi kam ya tafi kai tsaye ga 70-200mm, ba zai yi da-na-sani ba.

Wajen saye kuma a buɗe ido, musamman 'yan Nikon. Jerin D3000 da D5000, har da D3500 da D5600, ba su da injin fokas a jikinsu. Tsohon 50mm f/1.8D mai araha zai ɗauru a kansu lafiya lau, amma fokas sai da hannu, wanda a ƙwallon kwando daidai yake da babu. Wanda aka rubuta AF-S 50mm f/1.8G shi ne naka. Kowane lensi ne, je da kyamararka shagon, kar ka yarda da gwaji a kan tasu. Haska fitilar waya ta cikin gilashin ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo ko hazo a ciki. In mai shago ya ce, “Haba maigida, wannan ai ko wata uku bai yi a hannun mai shi ba,” ka ce masa, “Na yarda Alhaji, amma ara min yaron shagonka minti biyu.” Ka sa yaron ya koma nesa cikin inuwar rumfa ya taho wajenka da sassarfa, kai kuma ka buɗe lensin gaba ɗaya ka bi shi da hoto goma a jere. Sannan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗaɗa kan idonsa, ka ƙirga nawa ne suka kama kafin a fara maganar farashi.